Yadda Ake Auna Ƙarfin Siginar Na'urorin Da Ke Haɗe Da Akwatin Wi-Fi A Wuraren Kasuwanci

Tun daga watan Janairu na shekarar 2012, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiwatar da shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Jihar Legas, harkokin ciniki a ƙasar nan suke ƙara dogara a kan hanyoyin sadarwa. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023 ya ƙara tura 'yan kasuwa manya da ƙanana zuwa ga karɓar kuɗi ta hanyar tura wa a asusu da kuma na'urar POS. A sakamakon haka, otal-otal da kantunan magani da ofisoshin dillalan sufuri da manyan shagunan sayar da kaya sun sanya akwatunan Wi-Fi domin haɗa kwamfutoci da wayoyin ma'aikata da kyamarorin tsaro da intanet.

Sai dai kuma sanin kowa ne cewa sanya akwatin ba ya kawo ƙarshen koke-koke. Ana samun wurin da kwamfutar akawu take aiki lafiya lau, amma na'urar karɓar kuɗi da ke kan kanta tana yankewa a tsakiyar ciniki, mai saye yana tsaye yana jira. Abin da masu wuraren suka saba yi shi ne su ɗora laifin a kan kamfanin da ke sayar masu da intanet, su ƙara kuɗin da suke biya a wata, ko kuma su sayi sabon akwati. Sau da yawa kuɗin nan asara ne, domin matsalar tana tsakanin akwatin da na'urorin da ke cikin ginin. Hanyar gane haka ita ce duba ƙarfin siginar kowace na'ura kamar yadda akwatin kansa yake jin ta. Wannan bayani zai nuna abin da ake aunawa, da inda ake ganinsa, da kuma matakin da ya kamata a ɗauka bayan an gani.

Asalin Fasahar

Wi-Fi rediyo ne mai gajeren zango. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta ƙasar Amurka ta ba da izinin amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba, ciki har da zangon gigahaz 2.4. A 1997 ƙungiyar injiniyoyin lantarki da ake kira IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, wadda gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka fitar da 802.11b mai gudun megabit 11, a shekarar kuma kamfanoni suka kafa ƙungiyar da ta raɗa wa fasahar suna Wi-Fi. Daga nan aka samu 802.11g a 2003, da 802.11n a 2009, da 802.11ac a 2013, sannan 802.11ax wadda aka fi sani da Wi-Fi 6.

Duk da wannan ci gaba, tushen aikin bai sauya ba. Akwatin da ke manne a bango ko a silin yana da mai watsawa da mai karɓa, haka ma kowace waya ko kwamfuta da ta haɗu da shi. Zance ne tsakanin ɓangarori biyu. Akwatin yana aika saƙo, na'urar tana amsa cewa ta karɓa. Idan amsar ba ta iso ba, sai ya sake aikawa. Saboda haka dole ne kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa sosai kafin aiki ya tafi daidai.

Dalilin Da Ya Sa Sandunan Waya Ba Su Isa Shaida Ba

Yawancin mutane suna duba 'yan sandunan da ke saman fuskar waya, idan sun cika sai su ce sigina tana da kyau. Sandunan nan suna nuna yadda wayar take jin akwatin ne kawai. Ba su cewa komai game da yadda akwatin yake jin wayar.

Bambancin yana da muhimmanci saboda ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Akwatin yana jone da wutar lantarki, yana da eriya mai girma, an kuma ɗora shi a sama. Wayar hannu kuwa da batir take aiki, eriyarta ƙarama ce a ɓoye cikin jikinta, kuma tana rage ƙarfin watsawa don kada batirin ya ƙare da wuri. Misalin abin kamar mai shela ne da lasifika a bakin kasuwa: wanda ke can ƙarshen layi yana jin shelar sarai, amma idan ya ba da amsa da muryarsa, mai shelar ba zai ji shi ba. Wayar da ke nuna sanduna uku tana iya kasancewa a wurin da akwatin da ƙyar yake jin ta. A irin wannan hali saƙonni sukan shigo, amma aika hoto ko tabbatar da biyan kuɗi sai ya gagara.

Bugu da ƙari, babu wata ƙa'ida da ta tilasta wa masu ƙera waya ma'anar sanda ɗaya ko huɗu. Kowane kamfani yana da nasa lissafin. Wayoyi biyu a kan tebur ɗaya suna iya nuna sanduna dabam-dabam. Don haka ma'aikacin da ya san aikinsa yakan shiga cikin akwatin ya karanta lambobi.

Ma'anar Lambobin

Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin da ake rubutawa dBm, wato desibel idan aka kwatanta da miliwat ɗaya. Sifili a wannan ma'auni daidai yake da miliwat ɗaya. Tun da abin da ke isowa ga eriya bai kai miliwat ɗaya ba ko kusa, lambobin da za a gani duk suna ɗauke da alamar ragi a gabansu, kamar -45 ko -72. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi. Wato -50 ta fi -70 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ma'aunin ba ya tafiya kamar awon tiya ko mudu, inda biyu ta ninka ɗaya. Duk ragin desibel 3 yana nufin ƙarfin ya ragu da rabi. Duk ragin desibel 10 yana nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka na'urar da ke kan -70 tana isa ga akwatin da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin wadda ke kan -50. A -30 abin da ke isowa kashi ɗaya ne cikin dubu na miliwat, a -60 kuwa kashi ɗaya cikin miliyan.

Ga yadda ma'aikatan wannan fanni suka saba fassara lambobin. Daga -30 zuwa -50, na'urar tana kusa da akwatin ƙwarai, yawanci a ɗaki ɗaya. Daga -50 zuwa -60, sigina tana da kyau ga kowane irin aiki. Lamba -67 ita ce iyakar da manyan kamfanonin ƙera kayan sadarwa, irin su Cisco, suke ba da shawarar kada a gaza ta idan ana son kiran murya ya tafi ba tare da yankewa ba. Daga -70 zuwa -75 ana iya buɗe shafuka da aika wasiƙa, amma jinkiri zai fara bayyana. Daga -80 zuwa ƙasa haɗin ba abin dogaro ba ne, a kusa da -90 kuwa siginar ta nutse cikin hayaniyar iska.

Wasu akwatuna da kwamfutoci suna nuna kashi cikin ɗari a maimakon dBm. A kwamfutoci masu manhajar Windows, kashi 100 yana daidai da -50 ko abin da ya fi, sifili kuma yana daidai da -100, kowane desibel ɗaya yana ɗaukar kashi biyu. Ke nan kashi 66 shi ne -67, kashi 40 kuma shi ne -80. Wasu kamfanonin suna da nasu lissafin, don haka ya fi kyau a nemi lambar dBm idan akwatin yana bayar da ita. Har ila yau za a riƙa cin karo da haruffan RSSI, waɗanda ke nufin ma'aunin ƙarfin siginar da aka karɓa. Ƙa'idar 802.11 ta bar wa kowane mai ƙerawa ya tsara wannan ma'auni yadda ya ga dama, shi ya sa akwatuna biyu na kamfanoni dabam-dabam suke iya saɓawa da 'yan desibel a wuri ɗaya.

Hayaniyar Iska

Ƙarfin sigina shi kaɗai bai cika labari ba. A kowane wuri akwai hayaniyar rediyo da ke fitowa daga wasu na'urori da kuma cikin kayan lantarkin kansu. A wurin da babu cunkoso, hayaniyar takan tsaya tsakanin -90 da -95. Abin da ke tabbatar da ingancin haɗi shi ne tazarar da ke tsakanin siginar da hayaniyar, wadda ake nunawa da haruffan SNR. Idan sigina tana kan -65, hayaniya kuma tana kan -92, tazarar desibel 27 ce, kuma wannan ya wadatar. Idan hayaniyar ta hau zuwa -80, tazarar ta koma 15, aiki zai yi nauyi ko da yake lambar siginar ba ta motsa ba. Ana son tazarar ta kai desibel 25 don kiran murya, kada kuma ta gaza 20 don sauran ayyuka.

Zangon gigahaz 2.4 shi ya fi fama da wannan matsala. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana aiki a gigahaz 2.45, na'urorin Bluetooth ma a zangon suke. Sannan tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11. A benen kasuwa mai shaguna hamsin, inda kowane shago yake da nasa akwatin, tashoshin nan uku ba za su ishi kowa ba. Zangon gigahaz 5 yana da tashoshi masu yawa da ƙarancin cunkoso, sai dai siginarsa ba ta kai nisan ta 2.4 ba, kuma bango ya fi cin ta.

Inda Ake Ganin Lambobin

Kowane akwati yana riƙe da jerin na'urorin da suka haɗu da shi a wannan lokaci. Don ganin jerin, sai a buɗe manhajar shiga intanet a kwamfuta ko waya da ke haɗe da akwatin, a rubuta adireshinsa. A ƙananan akwatuna adireshin yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma galibi an buga shi a takardar da ke manne a ƙarƙashin akwatin. Bayan an sa sunan mai kula da kalmar sirri, sai a nemi shafin da ke lissafa na'urorin da ke haɗe ta iska.

Ba duk akwatuna ne suke nuna ƙarfin sigina ba. Da yawa daga cikin ƙananan da kamfanonin waya suke sayarwa tare da layi suna nuna suna da adireshin na'ura kawai. Waɗanda aka ƙera don wuraren aiki kuwa suna bayar da cikakken bayani. A kayan MikroTik akwai teburin rajista a sashen rediyo, wanda ke nuna ƙarfin siginar kowace na'ura da tazararta da hayaniya da gudun aikawa da na karɓa. A tsarin UniFi na kamfanin Ubiquiti da tsarin Omada na kamfanin TP-Link, manhajar kulawa tana tattara na'urorin dukkan akwatunan ginin a shafi ɗaya, tana kuma nuna akwatin da kowace na'ura take haɗe da shi. A akwatunan da aka sa wa manhajar OpenWrt, jerin yana shafin rediyo. Ma'aikacin da ya iya rubuta umarni a tsarin Linux yana iya rubuta iw dev wlan0 station dump, sai bayanin kowace na'ura ya fito, idan dai wlan0 ne sunan rediyon a wannan akwati.

Abubuwa huɗu ne ya kamata a karanta a kan kowane layi. Na farko ƙarfin siginar, kuma idan akwai matsakaicin lissafi to shi ya fi lambar nan take amfani, domin sigina tana hawa da sauka da 'yan desibel ko da na'urar ba ta motsa ba. Na biyu gudun da akwatin da na'urar suka daidaita a kai. Na uku yawan saƙonnin da aka sake aikawa saboda ba su isa ba. Na huɗu tsawon lokacin da na'urar ta yi a haɗe. Na'urar da ke zaune wuri ɗaya tun safe amma lokacinta yana komawa sifili a kai a kai, alama ce ta cewa tana yankewa tana sake haɗuwa.

Gane na'urar da ke kan kowane layi yana bukatar ɗan ƙoƙari. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi goma sha biyu, wadda ake kira adireshin MAC. Amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar lambar wucin gadi ga kowane akwati don kare sirrin mai su. Saboda haka lambar da ke kan kwalin waya ba lallai ta zama wadda za a gani a jerin ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe Wi-Fi na na'ura a ga layin da ya ɓace, sannan a raɗa wa layin suna, kamar kanta ta ɗaya ko ofishin akawu.

Yadda Na'ura Ɗaya Take Jawo Wa Saura Jinkiri

Mai wuri zai iya cewa, idan na'ura ɗaya ce take nesa, ai ita kaɗai abin ya shafa. Ba haka lamarin yake ba. A kan tasha ɗaya, na'urori suna magana ne bi da bi, kowace tana jiran layinta. Idan siginar na'ura ta yi rauni, akwatin yakan rage gudun da yake yi mata magana don saƙon ya isa lafiya. A ƙa'idar 802.11n, na'ura mai eriya ɗaya a kan tasha mai faɗin megahaz 20 tana iya gudun megabit 65 a daƙiƙa idan siginarta ta kai kimanin -64, amma a -82 gudun yana sauka zuwa megabit 6.5.

A ɗauki takarda mai nauyin megabait 10, wato megabit 80. A gudun 65 za ta wuce cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. A gudun 6.5 sai ta ci fiye da daƙiƙa 12. A aikace lokacin ya fi haka a duka biyun, amma ninkin goma yana nan. Duk tsawon wannan lokaci iskar tana hannun na'ura mai rauni, saura suna samun ɗan abin da ya rage. Kamar babbar mota ce mai lodi a kan siririyar hanya, duk ƙananan motocin da ke bayanta sai sun bi tafiyarta. Ta haka wayar maigadi da ke kallon bidiyo a bakin ƙofa take iya rage saurin kwamfutar da ke cikin ofis. Akwatunan zamani suna da tsarin raba lokaci daidai tsakanin na'urori, wanda ke rage wannan illa, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya.

Abubuwan Da Ke Cin Sigina

Nisa shi ne na farko. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sigina tana raguwa da desibel 6. A zangon 2.4, akwatin da ke watsa miliwat 100 za a ji shi a kimanin -20 a nisan mita ɗaya, -40 a mita goma, -60 a mita ɗari, idan babu abin da ya tare hanya. A cikin gini kuwa akwai abubuwan tarewa a ko'ina.

Bangon bulo da siminti yana cin sigina fiye da katako ko gilashi, dakalin bene mai rodi a ciki ya fi su duka. Ƙarfe ba ya barin sigina ta ratsa shi, mayar da ita yake yi. Wannan ya shafi ƙofofin ƙarfe da kwanon rufi da kantocin ƙarfe da firji, da kuma shagunan da aka yi da kwantena. Akwatin da aka ajiye a cikin kwantena zai yi wuya ya yi wa na waje amfani. Ruwa ma yana shanye sigina, don haka tankin ruwa da tarin katan-katan na lemo da jikin mutane duk suna rage ta. Wannan ne dalilin da ya sa awon da aka yi da asuba, shago babu kowa, yake saɓawa da wanda aka yi da azahar lokacin da jama'a suka cika. Sito ma haka yake: siginar da ta isa lungu lokacin da ya yi fayau tana iya ɓacewa ranar da aka sauke kaya.

Matakan Da Ya Kamata A Ɗauka

Da farko a yi awo a rubuce. A zaɓi wuraren da kuɗi ke shiga ko aiki ke tsayawa idan haɗi ya yanke, kamar kanta da ofishin akawu da ɗakunan baƙi na ƙarshen baranda. A rubuta lambar kowace na'ura sau uku a rana, da safe da tsakar ciniki da dare, har tsawon mako guda. A yi awon da ainihin na'urar da ake aiki da ita a wurin, domin kwamfutar ma'aikacin da aka kira tana iya fin na'urar POS kyawun eriya.

Idan lambobin duk sun fi -65 kyau, sake aikawa kuma ba shi da yawa, amma intanet yana jinkiri, to matsalar tana wajen ginin ko kuma abin da aka saya a wata bai isa ba. Ana tabbatar da haka ta hanyar jona kwamfuta da akwatin da waya a gwada gudun. A nan ne ya dace a tuntuɓi kamfanin da ke ba da layin, kuma idan bai saurara ba akwai Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, wadda aka kafa a 1992 kuma take karɓar koken masu amfani da layukan sadarwa.

Idan kuwa wasu na'urori ne suke ƙasa da -70, mataki mafi arha shi ne sauya wa akwatin wuri. A fitar da shi daga cikin kabad ko bayan talabijin, a ɗaga shi sama da kawunan mutane, a kawo shi tsakiyar wurin da ake bukatarsa. Sau da yawa matsar da shi da 'yan mitoci don ya kauce wa bango ɗaya yana ƙara desibel da yawa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Na'urorin da ba sa motsi, kamar kwamfutar tebur da injin buga takardu da kyamarori, gara a jona su da waya, a bar iska ga masu yawo.

Ƙara ƙarfin watsawar akwatin zuwa ƙarshe ba magani ba ne. Yana cika sandunan waya, amma ba ya ƙara wa wayar murya, sannan yana damun maƙwabta. Ƙaramar na'urar nan mai maimaita sigina da ake sakawa a soket ita ma a yi hattara da ita. Mai rediyo ɗaya tana karɓa tana sake aikawa a kan tasha ɗaya, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi, kuma idan aka sa ta a wurin da sigina ta riga ta mutu, raunin za ta maimaita. Abin da ya fi inganci a babban gini shi ne a ƙara akwati na biyu, a jawo masa waya daga na farko. Wayar sadarwa ta Ethernet tana kai mita 100, kuma tun 2003 akwai ƙa'idar da ke ba da damar tura wutar lantarki ta cikinta, ta yadda ba sai an nemi soket a silin ba.

A ginin da ke da akwatuna da yawa akan ga wayar da ta manne wa akwatin ƙasa alhali mai ita ya hau bene na biyu yana zaune a ƙarƙashin wani akwatin. Dalili shi ne na'urar ce take yanke shawarar lokacin da za ta sauya akwati. Jerin na'urori yana tona wannan nan da nan, domin za a ga lamba kamar -80 a wurin da ya kamata a ga -50. Tsare-tsare irin su UniFi da Omada suna ba da damar sa iyaka, ta yadda akwatin zai saki duk na'urar da ta faɗi ƙasa da lambar da aka zaɓa don ta nemi wanda ya fi kusa. Kada a sa wannan iyaka a wurin da akwati ɗaya ne kawai, domin wanda aka saki ba shi da inda zai koma. Rage ƙarfin watsawar akwatunan kaɗan shi ma yana taimaka wa wayoyi su sauya da wuri.

Batun Tsaro Da Sirri

Jerin na'urori yana da wani amfanin. Idan ma'aikata goma ne amma layuka talatin suka bayyana, to kalmar sirri ta fita. Na'urorin da ba a san su ba, masu lamba kamar -82 ko -85, galibi suna wajen ginin ne, a shagon maƙwabci ko a bakin titi. Suna cinye abin da aka biya, suna kuma jawo jinkirin da aka bayyana a baya. Maganin shi ne a sauya kalmar sirri, a yi amfani da tsarin kulle na WPA2 wanda ya fito a 2004 ko WPA3 na 2018, a kuma guji tsohon tsarin WEP wanda aka nuna rauninsa tun 2001. Baƙi da abokan ciniki a ware masu nasu haɗin dabam da wanda na'urorin kuɗi suke kai. Haka kuma a sauya kalmar sirrin shiga shafin kulawa daga wadda akwatin ya zo da ita daga kamfani.

Ya kamata masu otal da sauran wuraren da jama'a ke shiga su tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke tattara bayanan da za a iya gane mutum da su. Sunan waya sau da yawa sunan mai ita ne. Don haka a taƙaita masu ganin jerin ga waɗanda aikinsu ya shafa, kada kuma a adana shi fiye da bukata.

Daga ƙarshe, shawara ga ɗan kasuwar da zai ba da kwangilar sanya Wi-Fi ita ce ya sa sharaɗin lamba a cikin yarjejeniya. Ya bayyana wuraren da yake son sigina ta kai, ya nemi kada ta gaza -67 a kowannensu kamar yadda akwatin yake nunawa, a kuma yi awon a gabansa a lokacin da ciniki ya kankama kafin ya biya cikon kuɗi. Wanda zai sayi sabon akwati kuma ya tambayi mai sayarwa ko yana nuna ƙarfin siginar kowace na'ura, ya ga shafin da idonsa kafin ya biya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma duba wannan shafi sau ɗaya a mako ba ya cin fiye da minti biyar.